Kunamar da Ta Sha Man Kaɗanya

Shekarun baya, ban daɗe da barin wanke-wanke a gidan abinci ba, Allah Ya ba ni aikin gadi a wani shagon gwal da ke titin Canal Street, a nan ƙasar Turawa. Gadi mai bindiga fa, ba irin na tsayuwa da hannu a aljihu ba. Sai da na yi kwas, na jira lasisi har na fara cire rai, sannan kamfanin gadin ya damƙa min wata tsohuwar libarba, irin ƙaramar bindigar nan mai 'yar ganga da ramuka shida. Abokan aikina duk sun koma wa sababbi. Ni na ce a bar min tsohuwar, don tun ranar da na riƙe ta na ji ta zauna a hannuna.

Ga wanda bai san ta ba, ita wannan bindiga kunamarta aiki biyu take yi a ja ɗaya. Kana ja da yatsa, gangar tana juyawa ta kawo harsashi, 'yar gudumar baya tana tashi, sai can ƙarshe ta faɗa. Saboda haka jan yana da tsawo, yana da nauyi, kuma dole ya tafi sumul. In ya yi gargada a hanya, bakin bindiga zai karkace, harsashi ya tafi inda ba a aike shi ba. Alhamdu lillahi, ban taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba har na bar aikin. Amma duk shekara sai an kai mu filin gwaji mun harbi takarda, kuma wanda ya faɗi sau biyu, a ƙa'idar kamfaninmu, sai ya ajiye bindiga da yunifom.

To ni kuma ina da wani girman kai da ban faɗa wa kowa ba. Jikan maharbi ne ni.

Kakana, mahaifin mahaifiyata, shi ne maharbin ƙauyenmu, can kudancin ƙasar Kano gefen daji. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa bayan la'asar, zaune a kan buzu a gindin kaɗanyar ƙofar gida, doguwar bindigar tokarsa a kan cinya, ɗan ƙoƙon man kaɗanya a gefe. Sai ya lakato man, ya murza a tafin hannu, ya bi ƙotar bindigar da shi a hankali, ya dawo ya sake murzawa. Ba ya sauri. Awaki suna shigowa, hayaƙin tuwo yana tashi daga bayan danga, shi yana nan yana shafa, idonsa rabi a rufe, yana wani ɗan gunguni da ban taɓa gane ko waƙa ce ko addu'a ba. Ba a barin yara su matsa kusa, sai dai mu leƙa daga zaure.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ɗaga murya na ce, "Kaka, me kake yi mata?"

Ya ce, "Abinci nake ba ta, ja'iri. Kai kaɗai kake da ciki?"

Wannan magana ta zauna a kaina shekara da shekaru. Ta biyo ni Kano, ta biyo ni jirgi, ta hau da ni bene na huɗu a unguwar Morrisania inda nake haya. Kuma a kan tagar ɗakin nan akwai gwangwanin madara cike da man kaɗanya, wanda mahaifiyata ta aiko min ta hannun wani ɗan garinmu, tare da saƙon in riƙa shafawa kar sanyin Turawa ya tsattsaga min fata. Kun dai fara hango inda labarin ya dosa.

Kamfani ya ba mu 'yar kwalbar mai, siriri kamar ruwa, ba ƙamshi ba komai. Na dube shi na ce wannan ai yaudara ce, wane irin abinci ne wannan? Ranar wata Lahadi da hantsi, cikin bazara, na fito da bindigar daga akwatin ƙarfen da nake kulle ta, na zazzage harsasan, na duba ramukan sau uku kamar yadda aka koya mana. Sannan na narka man kaɗanya a cokali, na riƙa ɗiga shi ta gefen kunama da ta bayan guduma, har ya shige ciki. Ƙamshin ya cika ɗakin. Wallahi na daina jin ƙarar jirgin ƙasa, na daina jin kiɗan maƙwabta, ina zaune a kan kujerar roba amma ni a gindin kaɗanya nake. Na sa harsasan roba na koyo, waɗanda ba sa tashi, na gwada ja. Sumul! Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga nan ya zama al'ada. Duk Lahadi sai na ba ta abincinta. In gaskiya za a faɗa, ba don bindigar nake yi ba, don wannan awa ɗaya ce da nake komawa gida ba tare da tikiti ba.

Haka bazara ta wuce, ganye ya zube, sanyi ya sauko. Aka sa mana ranar gwaji a tsakiyar hunturu, a wani tsohon sito da aka mayar filin harbi. Ranar na'urar ɗumama wurin ta lalace, ga shi sai da muka yi layi a waje kusan awa guda, numfashi yana fita kamar hayaƙi. Da aka zo kaina na tsaya da kyau, na daidaita, na fara ja. Sai na ji kunamar ta cije. Na ƙara ƙarfi, ta tafi da ƙyar, tana gurzawa kamar ana jan tukunya a kan yashi, ta tsaya, ta sake tafiya, sannan bindigar ta tashi a lokacin da ban shirya ba. Harsashi ya bugi gefen takarda. Na biyu ya fi na farko muni. Kafin in gama, yatsana yana zafi, jikan maharbi ya cika takarda da ramuka ko'ina ban da tsakiya.

Mai gwajin bai yi faɗa ba. Ya dai ce in dawo bayan mako biyu, kuma na san abin da zai biyo baya in na sake.

Na koma gida, na ɗumama jiki, na ci abinci, sannan na fito da ita na gwada da harsasan roba. Jama'a, sumul! Kamar ba ita ce ta kunyata ni da safe ba. Na gwada sau goma, ba gargada ko ɗaya. Na zauna na zuba mata ido, sai wani tunani ya shigo min wanda ya fi sanyin waje sanyi. In bindiga lafiyarta ƙalau, to hannuna ne.

Don kakana da hannu ya ƙare. Ina aji shida aka wayi gari yatsunsa sun ƙanƙame, ba ya iya miƙe su, ko lomar tuwo sai an taimaka masa. Aka rataye bindigar a bangon zaure, gizo-gizo ya yi gida a bakinta. Mu yara abin da muka sani shi ne ciwon dare ɗaya ya zo masa. Na ɗaga hannuna na dama ina kallo. Na tuna wanke-wanken da na baro, ruwan zafi da sabulu daga safe har yamma, na ce shi ke nan, can zan koma, in ma hannun zai yarda ya riƙe faranti. Na ji tsoro sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Me kuke tsammani na yi? Na narka wani cokalin na ƙara mata. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na sayi ƙwallon roba ina matsawa a jirgi, ina matsawa a bakin shago. A gaban shagonmu akwai abokina, mutumin Maraɗi, mai sayar da jakunkuna da agoguna a kan tebur. Shi ya fara lura.

"Kai mutumina, mi ya samu hannunka? Kwana ukku kana matsar abin ga kamar mai tatsar akuya."

Na ba shi labari. Ya gyara hularsa ta sanyi, ya ce shi dai a ganinsa baki ne, mutane sun ga na sa yunifom. Da na harare shi sai ya sauya, ya ce to in kawo ta wurin wani mai gyaran agogo da ya sani, ya goge mata ciki da magagari, ya rage ƙarfin wayar da ke riƙe kunama, ta yi laushi. Na ce masa wannan bindiga ba rediyo ba ce da zan ɗauka in kai kasuwa, lasisina zai tafi, ni ma in bi shi.

Ya ce, "To pardon, Alhaji soja. Ba ku da tsoho a kamfaninku? Tafi wurin tsoho mana. Kana nan kana kashe ƙwallo a banza."

Muna da tsoho kuwa. Wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, tsohon soja, shi ke kula da bindigogin kamfani a wani ɗan ɗaki a bayan ofis. Kowa Baba yake ce masa. A unguwar Morris Heights yake zaune, kuma kullum da ƙullin dokununsa, tuwon masarar nan mai tsami na can wajensu, yake zuwa aiki. Ina gudunsa ne don kunya. Yaya zan je in ce masa hannuna ya mutu ina ɗan shekara talatin da 'yan kai? Sai da ya rage kwana uku gwaji sannan na haɗiye girman kan na tafi.

Na same shi yana shan shayi. Na gaishe shi, na zazzage harsasai a gabansa, na miƙa masa ita a buɗe. Ya sake dubawa da kansa, ya juya ta ga buhun yashin da ke kusurwa, ya ja. Ta tafi sumul, don a ƙarƙashin rigar sanyina ta zo, a cikin bas mai ɗumi.

Hausar Baba irin ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ya ce, "Bindigan nan lafiyanshi lau, yarona."

Na ce, "To Baba, hannuna ne ke nan."

Ya ajiye kofin ya dube ni. Ya ce in ba shi hannun. Ya matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce in matse nasa. Na matse har ya ce, "Kai, sake ni, ba faɗa muke ba." Sannan ya fara tambaya a hankali. Yaushe ta cije? Da safe ko da rana? A ciki ko a waje? Na daɗe a layi? A gida kuma ina nake ajiye ta? Na ce a akwatin ƙarfe, kusa da bututun ɗumama ɗaki.

Ya tashi ya buɗe ɗan firjinsa, ya matsar da ƙullin dokunu, ya kwantar da bindigar a gefe, ya rufe. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa Baba. Ya zuba min shayi ya ce in zauna.

Muka zauna. Ta ƙaramar tagar ɗakin ana ganin dusar ƙanƙara tana saukowa a hankali, ba iska, kowane ɓarɓashi yana ɗaukar lokacinsa. Baba ya shiga ba ni labarin Zango, da yadda mahaifiyarsa ke soya ƙosai a bakin masallaci, da wata bishiyar mangwaro da ya ce har yau yana mafarkinta. Ni ma ban san lokacin da na fara ba shi labarin kakana ba, da buzun, da awakin, da gungunin nan. Ban dai ambaci ƙoƙon mai ba, ko kaɗan bai zo min a rai cewa yana da alaƙa ba. Rabin awa ta wuce kamar minti biyar.

Ya ciro ta, ya juya ga buhun yashi, ya ja. Na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Kunamar ta gurza, ta tsaya, ta gurza. Wallahi ban taɓa jin daɗin mugun sauti irin na ranar ba. Ya miƙo min na gwada, ta cije min daidai yadda ta yi a sito. Sai ya karɓa, ya kai ta hanci, ya shinshina bayan gudumar. Ya sake shinshinawa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya ba shi nkuto?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Nkuto! Man kaɗe! Wa ya ɗura mishi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Abinci nake ba ta."

Baba ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Ya ce shekararsa arba'in yana buɗe bindiga, ya ga wadda aka sa wa man mota, ya ga ta man gyaɗa, amma yau ya ga wadda aka yi wa kwalliyar amarya. Ni kuwa tun bazara nake cikin wannan ƙamshi, a hannuna, a rigata, a ɗakina, shi ya sa ban taɓa jin sa a jikinta ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ya kwance murfin gefenta ya nuna min. Ciki duk ya cika da wani abu fari-fari mai tsaki-tsaki, ya haɗe da zaren aljihu da ƙura ya zama dambu. Ya ce man kaɗanya ɗan ƙasar zafi ne, a ɗumi ruwa ne, in ya ji sanyi sai ya koma dutse, kuma in an narka shi ya sake daskarewa, tsaki yake yi. Na faɗa masa shawarar abokina ta magagari. Ya kama kai.

"Haka yara suke kashe bindiga. Abu ya yi tauri, sai a ɗauko magagari. Kafin ka goge ƙarfe, tambaye shi me ya ci. Kuma cikin nan ba wurinka ba ne, wurina ne. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ya wanke ta tas, ya busar, ya ɗiga mata wannan siririn man da na raina, ɗigo kaɗan, ya mayar da ita firji don ya tabbatar. Ta fito da sanyinta, ta tafi sumul. Da zan fita ya ce sauran man kaɗen in kawo masa, ƙafarsa tana kaushi.

Ranar gwaji na ci. Ba zan ce na fi kowa ba, amma ramukan sun taru a inda ake so, mai gwajin ya sa hannu, na fito da yunifom ɗina a jikina.

Washegari da safe na kira mahaifiyata, lokacin su can azahar ta wuce. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai dai "kai". Na ba ta labarin tun daga cokali har firji, ina yi ina dariya, na ce, "Inna, kin ga abin da koyi da Kaka ya ja min. Shi yana ba tasa abinci ta ƙoshi, ni tawa ta ƙware."

Ta yi dariya kaɗan. Ina jin kaji a bayanta.

Ta ce, "Kai, wa ya ce maka a cikin bindiga yake sawa? Ko ɗigo bai taɓa sa mata a ciki ba. Ƙotar kawai yake bi."

Na ce, "To ƙota ce za a shafa kullum har magariba?"

Ta ce, "Hannunsa yake shafawa. Ciwon nan ya fi shekara goma yana cinsa kafin ku sani. In la'asar ta yi yatsun ba sa lanƙwasuwa sai an murza su da mai. Shi kuma ba ya so gari ya ce maharbi ya ƙare, ga gida cike da baki. Sai ya ɗora bindigar a cinya, kowa ya ce gyara yake yi. Ni nake narka masa man, ni na sani."

Na ce, "Gungunin fa, Inna?"

Ta ce, "Zafi ne."

Ina tsaye a bakin taga, gwangwanin madarar yana gabana, ƙanƙarar jiya tana narkewa a kan motoci. Sai da ta ce, "Kana ji na?" sannan na ce ina ji. Ta ce in yi masa addu'a, kuma man nan dai na fata ne, in daina ɓarna.

Na daɗe da barin gadi, yanzu wani aikin nake yi, bindigar ma na mayar wa Baba da hannuna ranar da na ajiye. Abin da ya rage min daga wannan labari ba na harbi ba ne. Na gane cewa shekara ashirin ina ɗauke da hoton da na hango daga zaure, ina tsammani na san abin da na gani. Na ga gwani yana lallashin kayan aikinsa, ashe mutum ne yake lallashin ciwonsa don mu ci tuwo da nama. Da na yi koyi da shi ma, gefen da ya nuna wa gari na kwaikwaya.

Har yau Inna tana aiko min da man, a gwangwanin madara. In sanyi ya sauko, ranar Lahadi bayan la'asar, nakan zauna a bakin taga in lakato kaɗan in murza a tafin hannu, yatsa bayan yatsa, ba sauri. Hannuna lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Nasa nake shafawa. Allah Ya jiƙan Kaka.